Irin Kaura da Takardar Baba

Laraba, 10 ga Jimada Awwal, 1395. Bayan azahar.

Bismillahi. Zafi ya hana ni kwanciya, shi ya sa na ɗauko littafin nan da ɗana Abdussalami ya kawo mini daga Damazin. Cewa ya yi in riƙa rubuta addu'o'i a ciki. Allah ya yafe mini, ba addu'a zan rubuta ba.

Ƙanena Jibril ya zo da hantsi. Ya tsuguna a bakin rumfa, ya ƙi hawa tabarma, na san da magana a bakinsa. Ya ce, "Yaya Baraka, mutane sun dame ni. Yaushe za a buɗe matmura?"

Matmurarsa, ramin hatsin da ke kan tudu bayan masallaci, ita kaɗai ta rage a hillar nan, wato ƙauyenmu. Fari na shekara biyu ya sa kowa ya haƙe tasa ya cinye, har da iri. Buhu tara na kaura ke kwance a ta Jibril, an yi musu shimfiɗar ƙaiƙayi, an liƙe baki da laka. In aka cire su, ban san inda za a sami ƙwayar kaura ba daga nan har Sinja. Larabawa fatarita suke shukawa, farar dawarsu, ita ma abinci ce, ban raina ba. Amma kaura tamu ce. Uwar Iya Sabuwa, tsohuwar hillarmu, ce ta ƙullo ta a bakin zane tun daga ƙasar Sakkwato, shekarar da aka taso, Iya tana 'yar shekara biyar tana riƙe da gefen zanen.

Na ɗauko takardar Baba, ta lissafin taurari. Tun rasuwarsa, shekara goma sha ɗaya ke nan, ba a buɗe rami, ba a shuka, sai na karanta ta. Ni ya koya wa, don ya ce hannun Jibril na fartanya ne. Takarda ta ce a buɗe a ƙarshen tauraron Suraiya, a shanya iri kwana uku, a raba wa gidaje. Ruwan shuka ba ya sauka sai Hana'a ta kama, tsakani kwana ashirin da shida. Abin da duk ya zo kafin nan yayyafi ne, wanda ba ya jiƙa bayan jaki.

Jibril ya ce, "Kin tabbata? Shamuwa fa ta sauka tun makon jiya."

Na ce, "Abin da ke rubuce ke nan."

Ban yi ƙarya ba. Abin da ke rubuce ke nan.

A gefen takardar akwai ɗigo huɗu na jar tawada. Hannuna ne, ba na Baba ba. Na ɗora babban yatsana a kansu duk tsawon karatun.

Alhamis, hantsi.

Tururuwa na kwashe ƙwai daga gindin randa suna hawa bango. Na share su, sun dawo.

Asabar, la'asar.

Na kai wa Iya Sabuwa kunu. Idonta ya tafi, amma kunnenta yana nan. Tun ina zaure ta ce, "Wa ke tafiya kamar mai tsoron taka ƙasa? Barakatu ce."

Na zauna. Ta sha, ta ce kunun ya yi ruwa, ta shanye.

"An ce kin ce Talata za a buɗe rami."

"Takarda ta ce, Iya."

"Gwiwata ta ce ruwa."

Na yi dariya, na ce, "Gwiwarki ta ce ruwa bara ma, ana tsakiyar rani."

"To, gwiwa na tsufa, takarda ba ta tsufa?" Ta juyo da fuska inda take zaton nake. "Ke ɗiya, sa'ad da munka zauna wurin nan, iska sai ta yi sallama da dajin gabas kafin ta shigo hilla. Ta iso a gajiye. Yanzu ɗanki da taraktarsa sun aske dajin tas, sun ce mashru'u, wai gonar gwamnati. Iska na shigowa kamar askar, sojan gwamnati, ba sallama. Ruwan wata guda ya zube cikin sa'a guda, sannan sama ta kulle bakinta. Wannan harif, wannan damina, ba ita ubanki ya rubuta ba."

Na ce Allah ne ke juya al'amura. Ta ce, "Shi ne fa. Ya juya, ke ba ki juya ba."

Na ɗauki kwanona na fito. Ban yi fushi ba. Ina ganin ban yi fushi ba.

Talata, bayan la'asar.

An buɗe. Jibril ya fasa lakar da sassafe, aka bar ramin ya huce mugun numfashinsa har hantsi, sannan maza suka shiga da kwanduna. Ƙamshin da ya taso ya tuna mini gidan Baba. Kaura ta fito rawaya, lafiya lau, ko ƙwaro ɗaya babu. Ma'u, matar Jibril, ta jefa ƙwaya a baki ta ciza, ta ji ƙas, ta rangaɗa guɗa. Wasu tsofaffi har da hawaye.

An tara tabarmin hilla kaf, an shimfiɗa a masussuka, an baza iri. Wuri ya yi kamar an zubar da rana a ƙasa.

Jibril ya matso kusa da ni ya ce, "Ko a raba shanyar uku, a bar sauran a ɗaki? Ko dai a riƙa kwashewa kullum da yamma? Aikin mutum ashirin ne, amma in kin ce a yi, sai a yi."

Mutane suna kallona. Maliki, shehun hilla, yana tsaye da sandarsa. Na ce, "Babu buƙata. A dai tsare awaki da tsuntsaye."

Wannan ba a rubuce yake ba. Amma daga rubutun ya fito. Ai daga rubutun ya fito.

Alhamis, azahar.

Sama ta yi fari fat, ko ganye ba ya motsi. Na fita na duba gabas sau bakwai. Gobe bayan an sauko daga Juma'a za a raba. Kwana ɗaya ne kawai, ya Allah.

Juma'a, magariba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Asabar, hantsi.

Gara in rubuta.

Maza duka sun tafi Juma'a a Hillat Mahmud, tafiyar sa'a guda. Daga mu mata sai tsofaffi. Ina alwala na ji kaji sun yi tsit. Na ɗaga kai, gabas ta zama bango, ja a ƙasa, baƙi a sama, yana tafiya. Na sha ganin habub, guguwar ƙura, tun ina yarinya nake ganinsa. Wannan ba ya tafiya irin tafiyarsu.

Ma'u ce ta fara ihu: "Iri! Jama'a, iri!" Muka fita a guje da ƙore, da tasoshi, wasu suka kwance mayafi. Ba mu cika ko kwando biyar ba iska ta iso. Tabarma ta tashi da hatsinta kamar ganyen kuka. Na ga kaura tana tafiya a sama, tana dukan fuskokinmu. Na faɗa a kan tabarma ɗaya na danne ta da jikina, na kama gefe da haƙori. Sai ƙanƙara, manya kamar ƙwan zabo. Ɗaya ta fasa wa Ma'u goshi, jini na zuba tana kwasa, ba ta ma sani ba. Bayan ƙanƙara sai ruwa. Ban san yadda zan rubuta ruwan ba. Ba sauka yake ba, zuba shi ake yi. Kafin maza su iso, kor, rafin nan da ba ya kawo ruwa sai tsakiyar damina ya cika ya tumbatsa, ya bi ta masussuka.

Muka bi laka da hannu muna tsinta har rana ta faɗi. Abin da aka tara bai kai buhu uku ba, shi ma ya sha ruwa ya ƙoshi.

Babu wanda ya zarge ni. Maliki ya ce, "Hukuncin Allah ne, Malama, kada ki sa a ranki." Da ma zagina ya yi.

Ma'u kaɗai, ina wanke mata goshi da ruwan gishiri, ta ce a hankali, "Yaya, takardar dai tana ɗaki ko? Ba ta jiƙe ba?"

Jibril ya ce, "Ke, Ma'u."

Ta ce, "Tambaya na yi. Kada a yi asara biyu."

Ba ta jiƙe ba. Na duba.

Lahadi, hantsi.

Rana ta ƙi fitowa. An baza irin a ɗakuna, yana ɗumi kamar mai zazzaɓi. Na ɗauki ƙwaya na duba, ta kumbura, ta fito da ɗan farin haƙori.

Jibril da Maliki sun zo. Jibril ya ce, "In ya bushe yanzu, ya mutu, tunda ya tsira. In an bar shi, ya ruɓe. In an shuka, saura kwana ashirin da wani abu kafin ruwan shuka, rana ta ƙone shi." Sannan, wallahi, ya ce, "Me takarda ta ce?"

Bayan abin da ya faru. Me takarda ta ce.

Na roƙi su ba ni zuwa gobe.

Lahadi, la'asar.

Na kasa zama, na kasa karatu. Na fara Yasin sau uku ina ɓacewa a wuri ɗaya. Na tafi wurin Iya. Rabin jinkar ɗakinta ya tafi, tana zaune a ɓangaren da ya rage tana jan carbi kamar ba abin da ya faru.

Na faɗa mata abin da aka tambaye ni.

Ta ce, "Wa ke tambayar ranar haihuwa bayan kan ɗa ya fito? Iri ya riga ya ba da amsa."

"In rana ta ƙone shi fa, Iya?"

"In kin bar shi a ɗaki zai yi miki tuwo ne?"

Na ce Baba bai taɓa shuka kafin Hana'a ba. Ta tsaya da carbin.

"Na san ubanki tun ba shi da gemu. Kullum yana waje yana kallon sama. Ke kina ɗaki kina kallon ubanki."



Litinin, bayan la'asar.

Na ce a shuka. Ban ɗauko takarda ba. Maliki ya ce, "Haka aka rubuta, Malama?" Na ce, "Haka na ce." Ya dube ni, ya dubi Jibril, ya ce to.

An yi shawarar kada a raba wa gidaje, a zuba shi wuri ɗaya a kwarin da ke ƙasa da hilla, inda baƙar laka ke riƙe danshi. In fari ya zo, nan ne zai fi daɗewa. Kowa ya yarda, ni ma na yarda. Maza na gaba da sulluka, sandar shuka, suna huda ƙasa, mu muna biye muna jefa ƙwaya uku-uku a hankali don kada haƙorin ya karye, muna rufewa da diddige. Babu waƙa. Ban taɓa ganin shuka babu waƙa ba.

Duk kaurar da ta rage mana a duniya tana cikin kwari ɗaya yau.

Alhamis, asuba ta waye.

Ya fito. Layi-layi, kore shar. Alhamdu lillahi.

Asabar, azahar.

Babu gajimare.

Litinin, azahar.

Babu. Iska mai zafi daga arewa, a wannan lokaci. Ƙasa ta fara tsagewa a gefen kwari.

Laraba, 1 ga Jimada Ahir. Hantsi.

Abdussalami ya zo jiya a motar kaya. Ya yi baƙi, ya rame. Hausarsa sai ƙara guduwa take, rabin maganarsa Larabci. Ya ji labari a kasuwar Sinja.

Ya ce, "Yumma, ma'alesh. Zan samo muku fatarita daga mashru'u, tana nuna da wuri. Dura dura ce, duk ciki za ta."

Dura, sunan dawa a bakin Larabawa. Na ce, "Kakarka ba ta taɓa kiran kaura dura ba."

Ya yi dariya ya sumbaci kaina. Ya ce mufattish ɗinsu, jami'in da ke duba gonakin, yana da wani gwangwani da yake auna ruwan sama da shi, shekara da shekaru yana rubutawa, kuma mutumin ya ce lissafinsa ya rikice, ruwa ba ya zuwa a kan ƙa'ida, in ya zo kuma da faɗa yake zuwa. Ya ce ba nan kaɗai ba ne, mutanen da ke isowa daga yamma sun ce can shanu sun ƙare, rijiyoyi sun ƙafe. Na ce, "Shi mufattish ɗin, da ya ga lissafinsa ya rikice, ya faɗa wa mutane?" Ya ce, "Tab'an, ai aikinsa ke nan."

Na tashi na shiga ɗaki kamar zan ɗauko wani abu.

Na tambaye shi dajin gabas. Ya ce, "Yumma, ni tuƙi aka ce in yi." Ban ƙara ba. Kowa da abin da yake ɗora yatsa a kai.

Alhamis, la'asar.

Muna ɗiban ruwa daga kududdufin da kor ya bari, muna bin layi da ludayi. Mata talatin, gona guda, kamar mai shayar da raƙumi da cokali. Ganye na naɗewa da rana, ya buɗe da yamma. Wuyana ya ƙage. Ma'u tana gabana da tulu, tabon goshinta ya yi baƙi. Ta juyo ta ce, "Yaya, sauke ki huta, kada ki faɗi a ce mu ne." Ta karɓi tulun nawa ta haɗa da nata. Ban san me zan yi da wannan yarinya ba.

Juma'a, hantsi.

Bari in rubuta, ko littafi ya sani.

Ɗigo na farko: shekara huɗu da suka wuce, ruwan shuka ya riga takarda da kwana tara. Na biyu: ya makara wata guda, ya zo da iskar da ta kayar da hasumiyar masallaci. Na uku da na huɗu: shekarun fari, ruwa ya zo sau ɗaya kamar za a yi tufana a lokacin da takarda ta ce babu, ya ƙi zuwa a lokacin da ta ce akwai. Duk shekara ina ɗiga jar tawada don kada in manta. Duk shekara ina cewa bana ce kawai, baɗi zai koma daidai.

Me zan ce musu? In ce Malam ya yi kuskure, mutumin da ya yi wa rabinsu wankan suna ya yi wa iyayensu salla? Ba kuskure ya yi ba. Abin da ya gani ya rubuta. Kuma in na ce takarda ta daina faɗin gaskiya, ni wace ce a hillar nan? Bazawara mai allo.

Wannan na ƙarshen shi ne ainihin dalili. Na daɗe ina kewaye shi.

Lahadi, azahar.

Kududdufi ya ƙafe. Gefen gona ya mutu, tsakiya na nan da rai. Na roƙi ruwa a kowace sujada. Ban ce kaɗan ko da yawa ba, ruwa kawai na ce.

Litinin, kafin la'asar.

Kaji sun yi tsit.

Talata, hantsi.

Ya fi na farko. Ɗakuna goma sha ɗaya babu jinka, bangon gidan Maliki ya kwanta, akuyoyi sun tafi da ruwa. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. An ɗauko Iya a kan angarib, gadonta na igiya, an kawo ta ɗakina, tana ta faɗa wai an bar mata carbi.

Na je bakin kwari. Babu kwari. Tafki ne, har agwagin ruwa sun sauka a kai.

Mun kai shi inda ruwa ke daɗewa. Ruwa ya daɗe.

Alhamis, la'asar.

Ruwa ya janye. Na shiga laka har gwiwa, na ciro ɗaya, na ciro goma. Rawaya, laushi, saiwa na wari. Jibril yana tsaye a ɗaya gefen, hannu a baya. Bai shigo ba.

Juma'a, bayan an sauko.

Na aika a kira shi. Na shimfiɗa takardar a gabansa, na ɗauke yatsana. Na faɗa masa ɗigo ɗaya bayan ɗaya, da shekararsa.

Ya daɗe yana kallo, shi da ba ya karatu.

"Shekara huɗu, Yaya?"

"Huɗu."

"Ranar da na ce miki shamuwa ta sauka, suna nan?"

"Suna nan."

"Ranar da na ce a raba shanyar uku?"



Bai ɗaga murya ba, da ma ba ya ɗagawa, halin gidanmu ne. Ya ce, "Ba wanda ya ce ki san gaibu. Da kin ce mini, Jibril, ban sani ba, da buhu shida suna ɗaki yau. Ban sani ba kawai. Yara ma suna faɗinta."

Ya tashi ya sa takalmi. Bai ce sai an jima ba.

Iya tana kwance a bayan labule, na ɗauka barci take. Ta ce, "To, kin haihu. Sai a jira cibiya ta faɗi."

Asabar.

Bai zo ba. Na ji ya faɗa wa Maliki, Maliki ya faɗa a masallaci. Dije mai kitso ta wuce ta ƙofata ba ta yi sallama ba. Tana da gaskiya.

Abdussalami ya aiko a ce fatarita na hanya. Za a ci abinci bana in Allah ya so. Ba maganar ci ba ce.

Lahadi, azahar.

Na ɗiga na biyar. Ban sa shi a gefe ba.

Litinin, hantsi.

Ina tankaɗe sai ga Ma'u ta faɗo gidan ba sallama, zane a hannu, tana haki.

"Yaya, taso! Taso ki gani, kada in zama mahaukaciya ni kaɗai!"

Akuyarta ce ta tsinke ta hau tudu, ta bi ta. A bayan matmura, gindin tsohon shingen ƙaya, inda iskar farko ta watsa abin da ta kwasa daga tabarmi, kaura ce tsaye. Ƙaya ta tare ƙwayar, ƙaiƙayin da aka zubar daga rami ya rufe ta ya riƙe mata danshi, tudu kuma bai bar ruwa ya kwanta ba. Babu wanda ya shuka ta, babu wanda ya ba ta ko ludayi ɗaya. Ta kai taƙi guda, kore har da baƙi-baƙi.

Ma'u ta ɗaure akuyar da ɗankwalinta, tana ce mata, "Ko ganye ɗaya kika taɓa, yau ana cin nama a hillar nan." Muka durƙusa muka ƙirga, ta ƙirga na ƙirga. Arba'in da ɗaya. Akuya ta riga ta ci biyu.

Daga buhu tara.

An ɗauko Iya a kan angarib ɗinta, don ta ce in ba a kai ta ba za ta tafi da rarrafe. Aka sauke ta gindin shinge. Ta miƙa hannu, na kai mata shi kan ganye. Ta shafa daga ƙasa har sama, ta murza, ta kai hanci.

"Ita ce. Nawa?"

Na ce, "Arba'in da ɗaya kacal, Iya."

"Kacal?" Ta yi tsaki. "Uwata da tafi guda ta taso. Rabi kaji sunka ci a Adare, rabin rabi ta jiƙa mana munka sha a hanya ranar da ƙanena ya kusa mutuwa. Abin da ya iso bakin kogin nan bai cika bakin ludayi ba. Shi kunka ci shekara saba'in. Kacal! Ku kawo ƙaya, ku bar tsayuwa kamar an yi mutuwa."

Litinin, bayan azahar.

Jibril ya sari ƙaya tun hantsi, shi da maza shida, sun kewaye wurin ninki biyu. Na kai musu ruwa. Ya karɓa ya sha, bai dube ni ba. Na juya zan tafi sai ya ce, "Yaya."

Na tsaya.

Ya nuna gabas da haɓa. "Me kika gani?"

Bai ce me takarda ta ce ba. Maliki yana nan, da sauran, duk sun tsaya da aiki.

Na duba. Na daɗe ina dubawa, ban taɓa duban sama haka a gaban mutane ba. Can ƙasa-ƙasa akwai ja kaɗan, shamuwa kuma sun bar yawo sun taru a kan kuka.

Na ce, "Ban sani ba. Yana iya zuwa kafin la'asar, yana iya wucewa ta kudu. In ya zo, ina tsoron ƙanƙara."

Ya gyaɗa kai. Ya juya ya ce, "Kun ji. A kawo abin rufi."

Litinin, la'asar.

Kowane gida ya kawo abin da yake da shi, kwando, tukunya, babbar ƙwarya. Dije ta kawo tukunyar da take dafa ruwan wanka, ta ajiye kusa da ƙafata, ta ce, "Malama, wanne zan rufe?" An kife wa kowane tsiro nasa, an danne da dutse. Nawa, kwandon da Baba ke ajiye takardunsa ne. Na juye su a kan tabarma, na fita da shi.

Daga ƙofar ɗakina ina hango su, arba'in da ɗaya a kife a kan tudu. Wataƙila mu kwashe su da magariba ba ko ɗigo, Ma'u ta yi mini dariya har Juma'a. Allah ya sa.

Iya ta ce gwiwarta ba ta ce komai ba, amma kada in yarda da ita.

Kaji sun yi tsit. Bari in ajiye alƙalami in fita.